Shekarar da Aka Riga Solfrid Zuwa Fadama

Solfrid Aune ta yi shekara talatin da huɗu tana gyaran kifi a masana'antar da ke bakin teku a ƙauyensu, can arewacin Norway, har sanyin ruwan gishiri ya lanƙwasa mata yatsu biyu. Amma ba da kifi aka san ta ba. Da multe aka san ta, 'ya'yan tsiron nan masu ruwan ɗorawa da ke fitowa a fadamun kan tudu, kowanne shi kaɗai a kan ɗan karansa, sati biyu kacal a shekara. Duk watan Agusta sai ta dafa jam ɗinsu kwalba goma sha biyu, ta jera a ɗakin ƙasa. Ba mai taɓawa sai jajibirin Kirsimeti, ranar da ake gauraya shi da kirim ɗin madara a sha bayan an ci haƙarƙarin rago. Sauran kwalaben ta raba wa 'yan'uwa, kuma wanda bai samu ba a wata shekara ya san ya yi mata laifi.

Inda take tsinko su kuwa, ba wanda ya sani sai mijinta Oddvar, shi ma don ya taɓa raka ta ne suna da ƙuruciya. In wani ya tambaye ta, sai ta ce, "A kan tudu," ta ci gaba da abin da take yi.

Shekarar da ta cika sittin da tara, sanyi ya dawo a watan Yuni ya ƙone furen multe a yawancin fadamun. Solfrid ba ta damu ba, don tata fadamar tana bayan dutse ne, iska ba ta kai mata. Da lokaci ya yi ta sa takalmin roba, ta ɗauki bokiti biyu da gorar kofi, ta hau. Tafiyar awa biyu ce, gwiwarta ta hagu tana mata tsiya tun daga rabin hanya.

Da ta isa sai ta tsaya cak. An share wurin tas. Ba nunannun kaɗai aka kwashe ba, har da jajayen da ba su nuna ba, masu tauri kamar tsakuwa, an tsinke su da kara da ganye. Ga sawun wani ƙaton takalmi ya tattake ko'ina. Ta yi ta zagaye har la'asar, abin da ta samu bai rufe gindin bokiti ba.

A gida ta dangwarar da bokitin a gaban Oddvar, yana zaune yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Duba," ta ce.

Ya leƙa, ya mai da kai kan komar. "Sanyin nan na Yuni ne."

"Sanyi yana sa takalmi? Ɗago ka dube ni, Oddvar."

Ya ɗago, ya sosa ƙeya. Shekara arba'in da biyar suna tare, ta san wannan susar.

"Wa ka gaya wa?"

"Ni ban gaya wa kowa ba. Hira ce kawai muka yi da Eskil."

Eskil Brenden malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya taso daga Oslo ya sayi tsohon gidan da ke ƙarshen layinsu a bara.

"Hira?"

"Ranar da injin jirgina ya mutu, shi ya ja ni zuwa gaɓa. Ya ce bai taɓa ganin multe a jikin karansa ba. Na ce ai akwai wani wuri bayan dutsen Kvalen. Ban zaci zai gane ba, mutumin da ko hanyar coci sai ya duba waya."

"Ka ce masa bayan Kvalen."

"Na ɗan zana masa a bayan takarda."

Solfrid ta ja kujera ta zauna. "Ka zana masa! Shekara sittin ina rufe bakina, ko Ingunn da na haifa ban kai ta ba tukuna, kai kuma ka zana taswira. Me ya hana ka kafa allo a bakin titi? Tsoho da kai, baki kamar ƙofar kanti!"

"Haba Solfrid, 'ya'yan ciyawa ne fa."

"To ranar Kirsimeti sai ka ci ciyawar."

Kwana huɗu ta yi tana bin wasu fadamun da ta daɗe da rainawa. Sauro ya mai da wuyanta kamar an watsa mata barkono. Rana ta uku ƙafarta ta nutse a laka har cinya, da ƙyar ta zaro ta, gwiwar ta yi wata ƙara da ba ta so ba. Haka ta dawo tana ɗingishi, ta ƙi barin Oddvar ya karɓi bokitin. Duka-duka abin da ta tara bai wuce na kwalba huɗu ba.

Ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a tukunyar da ba a dafa komai a cikinta sai jam, ta sa sukari kaɗan, ta rage wuta. Multe ba ya son a yi ta juya shi, sai ya farfashe ya zama kunu, kuma ba ya son a juya masa baya. Ƙanshi ya fara tashi ke nan waya ta yi ƙara a falo. Ingunn ce, 'yarta, daga Trondheim.

"Mama, Baba ya ce kin ji ciwo a gwiwa. Me ya kai ki tudu ke kaɗai?"

"Ubanki ya kai ni."

"Don Allah ki huta. Ana sayar da jam ɗin multe a kanti, zan zo da shi."

"Na kanti? Wannan ruwan sukarin? Ki zo da shi ki ga inda zan zuba shi."

"Yaran ma fa ba sa son shi sosai, Mama, sun ce ƙwayoyin suna shiga musu haƙori."

Solfrid ta buɗe baki za ta ba ta amsar da ta dace, sai hancinta ya jiyo ƙauri. Ta jefar da wayar ta ɗingisa zuwa kicin. Gindin tukunyar ya kama. Ta yi maza ta juye na saman a wata tukunya ba tare da ta kankare ba, ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Ya tsira, amma kwalba uku ya cika, ta ukun ma ba ta kai wuya ba. Ta tsaya tana kallon su, takaici ya cika ta har ta rasa wanda za ta zaga. Oddvar ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma da baya.

A shekarar ba wanda ya samu kyautar kwalba. Ƙanwarta Borghild ta yi fushi, ta ɗauka da ita ake, sai da Solfrid ta yi mata bayani sau biyu.

Ranar jajibirin Kirsimeti, da misalin ƙarfe biyu na rana, gari ya riga ya yi duhu kamar yadda ya saba a wannan watan. Ingunn da mijinta da 'ya'yansu sun iso, nama yana kan wuta, Solfrid tana buga kirim. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Eskil ne, ƙanƙara a kafaɗarsa, fuskarsa cike da fara'a, riƙe da wata ƙatuwar kwalba da ya ɗaura wa jan zare.

"Barkanku da Kirsimeti! Na kawo muku ɗan abin godiya. Da hannuna na dafa. Bokiti uku na samo a wurin nan da Oddvar ya nuna mini, wuri ne mai albarka!"

Oddvar ya sulale ya shige bayan surukinsa. Solfrid ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a fitila. 'Ya'yan suna yawo a cikin ruwa, jajaye, ko alamar laushi babu.

"Ka ɗanɗana?" ta ce.

Fara'ar ta ɗan ragu. "Gaskiya akwai tsami. Na sa sukari har na gaji. Ina ganin tukunyata ce ba ta da kyau."

"Tukunyarka lafiyarta ƙalau. Shigo, ka cire takalmin nan."

Ta ɗebo nata a cokali ta miƙa masa. Ya sa a baki, ya dubi kwalbarsa, ya dube ta.

"Ashe haka yake."

"Haka yake in an bar shi ya nuna. Jajayen da ka tsinke ɗanyu ne. Sai ya koma ruwan ɗorawa, ya yi laushi, ka taɓa shi ya faɗo da kansa. Bokiti uku ka kashe, malam, na kwalba ashirin."

Kunnuwansa suka yi ja. "Wurinki ne?"

"Tambayi mai zane."

Ya fara ba da haƙuri, yana ta maimaitawa, har ta ji ya ishe ta. Ta so ya yi musu, ko ya ce ai fadama ba ta kowa ba ce, don ta samu inda za ta sauke abin da ta ƙunsa tun Agusta. Sai ga shi mutumin kirki. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta yi tsaki, ta ce wa Ingunn ta ƙaro faranti ɗaya.

Jikokin suka tsince ƙwayoyin suka jera a gefen faranti. Eskil ya sha kwano biyu.

A watan Maris aka yi wa Solfrid aikin gwiwa, likita ya ce ita da tudu sai dai kallo daga taga. Da Agusta ta zagayo, Eskil ya riƙa zuwa kullum da safe yana tambaya ko lokaci ya yi da zai hau fadamar ya tsinko mata, tana ce masa a'a. Rana ta tara ta ce ya tafi. Ya dawo da bokiti biyu, duka nunannu, ya ajiye a kicin ya tsaya yana jiran yabo. Ta sa hannu ta motsa su.

"Ganye ya yi yawa," ta ce. "Ja kujera, ba ni kaɗai zan tsince ba."