Ƙaramar Kwamfutar da Ta Tafi Belbeji

Akwai wani shago a Damagaram da nake shiga duk lokacin da aikin makaranta ya kai ni birni, kuma ba sayayya ke kai ni ba. Wata ƙaramar kwamfuta ce a cikin gilashi, baƙa wuluk, wadda mutum zai iya ɗaukarta a tafin hannu ɗaya. Ba ta da allo, ba ta da komai a jikinta sai ramukan wayoyi. Mai shagon ya saba da ni har ya daina tashi idan na shigo. Yakan ce wa maƙwabtansa ga mushen Tanut ya zo duba amaryarsa. Mushe shi ne sunan da ake kiran malamin boko da shi a wajenmu.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba ta cin wuta. Batirin sola ɗaya ya ishe ta ta wuni a kunne, ko kuran, wato wutar lantarki, ya zo ko bai zo ba. A ajiye ta a lungun ɗaki, a zuba mata hotuna da muryoyi da karatu, duk wayar da ke gidan ta shiga ta ɗauki abin da take so. Ni kuwa wata tsohuwar kwamfutar cinya gare ni, wadda sai an jingina murfinta da littattafai take tsayawa, idan aka ɗauke wuta kuma ta mutu nan take.

Ba don ado nake son ta ba. Muna yara, Baba ya yi shekaru yana tafiya Libiya neman aiki bayan an gama girbi. Ba ya rubutu, sai ya ɗauki magana a kaset ya ba direbobin manyan motoci su kawo. Bayan rasuwarsa kasusuwan suka zauna a akwatin ƙarfen Inna, mahaifiyarmu, wadda take zaune a gidana tun da ta fita takaba. Rediyon da ke cin su ya daɗe da lalacewa, zafin yankinmu na Damargu kuma ya fara sa zarensu yana mannewa. Burina in kwashe muryar kafin ta tafi, in haɗa da tsofaffin hotunan gida, in sa su a wannan ƙaramar na'ura.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da ƙanena. Shi bai yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko. Ya bi kawunmu dillancin dabbobi, ya zauna a Belbeji, Allah kuma ya buɗa masa. Ran wata babbar salla ya zo gidana, muna cin nama a zaure, na ba shi labarin na'urar daga farko har ƙarshe. Na zana masa ita a ƙasa da tsinke. Yana ta taunar ƙashi yana gyaɗa kai, ban ma zaci maganar ta shige shi ba.

Da kaka ta yi, sai ga wayarsa. Ya ce in shirya ranar Asabar mu je Damagaram, yana son ganin abin nan da na yi masa magana a kai. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Amma kafin Asabar ɗin na riga na sa matata ta kwashe kwanukan da ke kan ƙaramin tebur na ɗaki, na goge shi, na jawo waya daga batir zuwa wurin. Ta tambaye ni ko ya ce ni zai saya wa. Na ce mata wa zai saya wa in ba ni ba, shi da ko saƙon waya sai an karanta masa rabi.

A shagon ya tsaya daga baya, ya zuba hannu a aljihu, ya ce in zaɓi wadda ta fi kyau. Mai shagon ya fito da amaryar tawa, ya kuma fito da wata da ta fi ta ciki, wato wurin ajiya. Na kalli ƙanena, ya ce a ɗauki mai babban cikin. Na zaɓi ƙaramin allo, na zaɓi lasifika, na sa aka gwada komai a gabana. Mai shagon ya riƙe hannuna ya ce yau dai an ɗaura aure. Na yi dariya har da hawaye.

A motar dawowa kwalin yana kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga shi sama kada ya bugu. Ina ta tsara yadda zan yi masa godiya ba tare da na zubar da girmana na yaya ba. Da muka iso mararrabar da hanyar Belbeji ta rabu da ta Tanut, direba ya tsaya, ƙanena ya sauka ya karɓi jakarsa. Sai ya zagayo ta tagar da nake, ya miƙo hannu biyu.

"Yaya, miƙo shi nan. Yaushe za ka samu zuwa ka haɗa mana?"

Na miƙa masa. Na ce sai an yi hutu. Ya ce in taho da kasusuwan Baba, kada in manta. Mota ta tashi, na bar shi a bakin hanya rungume da kwalin, ni kuma hannuwana suna kan cinya ban san abin da zan yi da su ba. Haka muka shiga Tanut. Matata ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ga babu kwali. Washegari na tarar ta mayar da kwanukanta kan tebur.

Da hutu ya zo na shirya. Inna ta ce ba za a ɗauki kasusuwan nan a bar ta ba, ƙafarta ƙafarsu. Haka muka tafi tare. Na ari wani rediyo mai cin kaset a wurin wani abokin aikina, na sayi wayar da za ta haɗa shi da kwamfuta. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Wani kaset sai na kwance shi na raba zaren a hankali, wani ya tsinke sai na liƙe, wani na naɗe shi da fensir daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma dole in saurari kowanne daga farko zuwa ƙarshe yayin da yake shiga. Na yi kwanaki a ɗakin baƙin ƙanena, abin ji a kunnena, gumi yana bin bayana. Shi kuwa da sassafe yake fita kasuwannin yankinsu na Tarka, sai yamma ya dawo yana warin awaki, ya leƙo ya ce sannu da aiki.

A wannan sauraron ne na ji abin da ban lura da shi ba ina yaro. Baba yakan fara da sallama, ya gaida Inna, ya tambayi geron gonarmu ta Gangara, ya yi ƙorafin sanyin can. Idan ya zo kaina sai ya ce a gaya mini in riƙe karatu, kada in yi wasa. Idan ya zo kan ƙanena sai muryarsa ta sauya. Ya tambaya ko har yanzu yana bin kaji da gudu, ko haƙorinsa ya fito, ya kwaikwayi yadda yake kiran akuya, ya yi dariya shi kaɗai. Kaset bayan kaset haka abin yake. Ni saƙo ake ba ni, shi kuma kewarsa ake yi. Na san ƙarami ne a lokacin, na san haka iyaye suke da ƙananan yara, ni ma haka nake da nawa. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai.

Ranar da na gama, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na fito da lasifika, na danna daga wayata. Muryar Baba ta fito tas, har tarinsa ana ji. Ya yi sallama, Inna ta amsa masa da ƙarfi kamar yana bakin ƙofa. Ya ce ina gajiya, ta ce babu gajiya. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Yaran ƙanena, waɗanda ba su taɓa ganin kakansu ba, suka matso kusa da lasifikar.

Da kaset ɗin ya ƙare, ta share fuska, ta juya wajen ƙanena, ta kama hannunsa.

"Allah ya yi maka albarka. Ka dawo mini da shi cikin gida."

Ya ce mata ai Yaya ne ya yi aikin duka, shi saye kawai ya yi. Ta ce ta gani, ta ga ina ta fama da wayoyi, ni ma sannu. Sai ta koma kansa ta ci gaba da sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da dabbobinsa. Na tashi na ce zan duba batir. Batir lafiyarsa ƙalau. Na tsaya a bayan ɗaki ina jin tana cewa a sake sa wani.

Da hutu ya ƙare Inna ta ce in yi gaba, za ta ɗan ƙara kwana. Na ce mata na sa duk muryoyin a wayarta, za ta iya ji a Tanut ma. Ta ce ta waya siririya ce, ba ta kama da shi. Na dawo ni kaɗai. Kwanakin suka zama watanni.

Labari ya bazu cikin dangi. Tsofaffin da suka san Baba suka riƙa zuwa Belbeji jin muryarsa. Wasu suka kawo nasu kasusuwan da hotunan aure, ƙanena ya tara su a buhu ya ce sai Yaya ya zo. Buzaye da Fulanin da yake ciniki da su suka fara kawo wayoyinsu a ajiye musu hotunan raƙuma da shanunsu, don kada su ɓace idan waya ta faɗa rijiya. Kowa na'urar Alhaji yake ce mata, don haka ake kiran ƙanena a can. Wata rana a ɗakin malamai wani abokin aikina, wanda ya je suna Belbeji, ya zauna yana yi mini bayanin yadda take aiki. Ya ce ƙanen nan nawa akwai basira, ban da shi wa zai yi tunanin irin wannan a ƙauye. Na ce haka ne. Na ci gaba da gyaran takardun ɗalibai, jan birona yana neman huda takarda.

Ba zan ce na yi masa fatan sharri ba. Amma duk ranar da ya kira ya ce na'ura ta ƙi, sai in ji wani sanyi a raina, in shirya da wuri in tafi. Ina son lokacin da zan shiga gidan a ce ga Yaya nan, a buɗe mini hanya. Sau da yawa ma ba wata matsala ba ce, yara ne suka zare waya. Da ta tashi, sai a manta da ni a koma tabarma.

A irin wannan zuwan ne, da rani, ya ce in raka shi bayan gari ya duba wasu tumaki da ya saya. Muna tsaye a inuwar wata bishiyar ƙaya ana ba su ruwa, maganar ta kuɓuce mini. Na ce masa ranar da muka je Damagaram na ɗauka ni zai saya wa. Na faɗe ta da dariya don ta zama kamar wasa. Shi bai yi dariya ba.

"Na sani," in ji shi. "Tun a shago na ga fuskarka."

Na tambaye shi to me ya sa. Ya amsa idonsa yana kan tumakin.

"Yaya, tun da Baba ya rasu Inna tana wurinka. Sau nawa na roƙe ta ta zo ta zauna da mu ko na wata ɗaya, ta ce ta saba da gidanka. 'Ya'yana sai da salla suke ganin ta. Da ka ba ni labarin kasusuwan nan, na san inda muryar Baba take, nan za ta zauna. Da na ba ka, shi ke nan, komai yana wurinka."

Ban taɓa zaton akwai wani abu nawa da yake ƙyashi ba. Ni na sha kallon motarsa da gininsa da yadda ake tashi idan ya shiga kasuwa, ban san shi ma yana kallon tsohuwar da ke zaune a tsakar gidana tana tsince wake ba. Ya ce idan ina so ya aika a sayo mini irinta gobe. Na ce a'a, kuma da gaske nake. Muka dawo gida muna maganar tsadar dusa.

Ban ce jin wannan ya wanke mini zuciya ba. Har yau idan na ji an ce na'urar Alhaji sai raina ya sosu. Bayan shekara na sayi tawa a wannan shagon, wadda aka riga aka yi amfani da ita, ba ta kai tasa ciki ba. Na cika ta da darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ɗalibaina sukan zo ƙofar gida da yamma da wayoyin iyayensu su kwasa. Tana aiki lafiya, ba ta taɓa ba ni wahala ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa daga wani gari don ya gan ta.

Inna yanzu ta raba zamanta. Yawancin shekara tana Belbeji, takan zo Tanut idan za ta ga likita saboda gwiwoyinta, ta yi 'yan makonni. Zuwanta na baya-bayan nan ni na kai ta tasha. Na saya mata dabino na yaran can, na samar mata kujerar gaba, na ɗora kayanta a sama na tsaya sai da aka ɗaure. Direba ya tayar da mota, sai ta yafito ni ta taga. Ta ce ƙofar ɗakinta na gidana ta fara cin ƙasa, in sa a gyara kafin damina, ba ta son ta dawo ta tarar ruwa ya shiga. Na ce to, Inna. Daga tasha ban wuce gida ba, wurin kafinta na nufa.