Tsaga Goma Sha Ɗaya a Wuyan Gitar Saje

Har yau ban manta da Juma'ar da Saje Tanko ya zo karɓar gitarsa ba. Na rubuto muku wannan ne, ku masu koyon aiki a shago, don oganku ya ce mini sau biyu ke nan wani a cikinku yana sauko da jar gitar nan da ke rataye bayan ƙofa, yana cewa a bar shi ya goge mata wuya ta yi kasuwa. Ku karanta tukuna.

Yawancinku ba ku riski Malam ba, mijina, mahaifin oganku, Allah ya jiƙansa. Gyaran rediyo da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, yake yi a zauren gidanmu na Madabo, inda shagon yake yanzu. Ta amfilifaya ne makaɗa suka san shi, daga nan suka fara kawo gita. Unguwarmu ta malamai ce, don haka a naɗe cikin tabarma ake shigo da ita, kuma ba a kunna ta da ƙarfi.

Aikin kashi biyu ne. Malam yana riƙe da wayoyi da ɗaura tsirkiya. Katako da fenti nawa ne, a cikin gida, domin babana kafinta ne a Dala, na riƙe samfefa tun kafin in shiga sakandare. Ni ban taɓa ganin masu kayan ba. Muryarsu kawai nake ji ta bayan ƙofar zaure. Sai dai in aka ba ni gita, ina iya gaya muku ko mai ita mai gumi ne, ko yana shan taba.

A watan Mayun 1999 ne, ana shirin soja su miƙa mulki ga farar hula, aka yi sallama wata Asabar da hantsi. Murya ce mai kauri, ta dattijo. Ya ce shi ne Saje Tanko, ɗan badujalar soja, wato masu yi wa sojoji kiɗa a fareti da wajen liyafar hafsoshi. An yi masa ritaya a watan. Yana tare da matarsa Hajara.

Abin da ya kawo gitar bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake jin sautinta a ƙirji kafin kunne. Shekara ashirin yana kaɗa ta tana ta gwamnati. Da zai tafi, mai gidansa a bariki ya ce ta tsufa, ya ɗauka ya je da ita. Fentinta kore ne irin na motar soja, ga lamba da farin fenti a bayanta.

Na ji yana cewa, “Malam, ni an cire mini kaki, ita ma a cire mata. Akwai otal da za su ɗauki makaɗa, tunda 'yan siyasa sun cika gari da biki. Asabar ta sama za a yi gwaji, mai bes ɗaya suke so. Ba zan je musu da kayan bariki ba.”

Malam ya fito da 'yan katakan da na shafa wa fenti kala-kala, ya ce ya zaɓa.

“Ba wa madam ta zaɓa,” in ji Saje.

“Saje guda, ko kalar gita sai an zaɓa maka?”

“Ai a gida ita ce Janar. Ni kurtu ne.”

Suka yi dariya. Hajara ta zaɓi ja mai duhu, kamar zoɓo. Da za su tashi Saje ya ce, “Fenti a jiki kawai, da sabuwar tsirkiya. Sauran a bar shi yadda yake.”

Malam ya shigo yana ba ni labari, wai mutumin ko a cikin zaure bai cire baƙin tabarau ba, kuma hannunsa na kafaɗar matarsa kamar sababbin aure. “Makaɗa da iyayi,” in ji shi. Ya kwance kusoshi huɗun da suka haɗa wuya da jiki, ya cire wayoyi, ya maimaita mini abin da Saje ya ce. Washegari ya tafi Legas sayo tsirkiya, don ta bes ba a samunta a nan.

Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba. Za ka kankare tsohon fenti har katako ya fito. Ka bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Ka shafa farin fenti na ƙasa, ya bushe, ka sake gogewa. Sannan ka fesa kalar, sama-sama, sau uku. Ni da famfon fesa maganin sauro nake yi. A ƙarshe banish, man da ke sa katako sheƙi. A ɗakin da ba kowa nake shanyawa, in toshe ƙasan ƙofa saboda kaji.

Ina jiran fenti ya bushe ne na ɗauki wuyan ina dubawa. Babu ƙananan ƙarafan nan da ake gittawa a gabansa. Malam ya taɓa gaya mini wasu suna cire su don sautin ya riƙa kuka kamar goge, amma mai irin wannan dole idonsa ya kasance a kan hannunsa, tunda babu ƙarfen da zai tsayar masa da sauti. Da na juya bayan wuyan sai na ga tsaga-tsaga da wuƙa, wata doguwa, wata gajeriya, wata a karkace, wata biyu a haɗe. Na ƙirga, goma sha ɗaya. Na ce a raina ɓarnar yaran bariki ce.

Ban manta da cewa a bar sauran ba. Fassara shi na yi da kaina. Na ce bawan Allah an sallame shi daga aiki, ba shi da ƙarfin a yi masa duka, kunya ta sa ya faɗi haka. Ga jiki zai fito kamar amarya, wuya kuma duk tabo. Na yi niyyar in yi masa don Allah, ba tare da ya sani ba.

Na kwaɓa garin katako da gam na cike tsagogin. Na goge har na daina jin komai a ƙarƙashin yatsa. Na rina wurin da duhu, na shafa banish sau uku. Wallahi ban taɓa aikin da ya yi kyau kamar wannan ba. Malam ya dawo ranar Alhamis, ya haɗa, ya ɗaura tsirkiya, ya juya wuyan a haske ya ce, “Rabi, wannan ko daga kamfani sai haka.”

Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo. Na tsaya a bayan ƙofa, ina jiran in ji yabo. Hajara ta ce ma sha Allah, ta yi kyau. Saje ya karɓe ta. Ina jin ƙarar hannu yana bin wuyan, ya sauka, ya hau, ya sake sauka.

“Wa ya yi aikin wuyan?” in ji Saje.

“Mai ɗakina ce,” in ji Malam. “Kyauta ta yi maka.”

Sannan Saje ya ce, “Hannunta yana da kyau. Allah ya ba ta lada.”

Hajara ta ce tana so ta shiga ta sha ruwa. Tana shigowa ta zauna a bakin rijiya, ta rufe fuska da mayafi. Na tsuguna gabanta.

“'Yar'uwa, lafiya?”

“Ba ya gani,” ta ce. “Ciwon suga ne. Shekara biyu ganinsa yana raguwa, tun azumin bana ya tafi gaba ɗaya. Ko a bariki ba wanda ya sani sai ni. Tsagogin nan shi ya yi su, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da yake ɗan gani. Da babban yatsa yake bin su, ya san inda yake. Su ne idonsa, 'yar'uwa.”

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gobe ne gwajin.

Na aika aka kira Malam, na gaya masa. Na ce ya ba ni izini in fita zaure. Ya miƙo mini hijabina da ke kan igiya. Ranar na fara ganin mai kaya ido da ido, bayan shekara goma sha biyu ina aikin. Dogo ne, ya rame, gitar tana kwance a cinyarsa, hannunsa bai bar wuyan ba.

Na durƙusa na ce, “Saje, ka yafe mini. An gaya mini a bar shi, ni ce na ƙi ji.”

“Janar ta tona ni ke nan,” ya ce. Ya ɗan yi murmushi. “Tashi, Malama. Na ce a bari, ban ce don me ba. Rabin laifin nawa ne. Amma gaskiya kin iya guga. Ko ƙuda ya sauka a nan sai ya zame.”

Malam ya ce ai ana iya aunawa da ma'auni a sake tsagawa. Saje ya girgiza kai. Ya ce ba a kan awo suke ba, a kan tsawon hannunsa suke, inda yatsansa yake zama. Kuma kowace da siffarta, don kada ya ɗauki ta biyar a matsayin ta bakwai.

Na kankare banish ɗin da na shafa da hannuna, ina neman inda na cike. Huɗu na samu, masu zurfi, na tone su. Sauran bakwai na riga na goge su sun bi iska. Ga shi ban tuna siffarsu ba. Ƙirga su na yi, ban dube su ba.

Malam ya kunna amfilifaya ƙasa-ƙasa. Saje yana neman sauti da kunne, in ya samu ya danne yatsa ya ce, “Nan,” ni kuma in sa alli. Da ya sake gwadawa sai ya ce a'a, a ɗan matsa sama. Ya hana a tsaga sai ya tabbata, don tsagar da ba daidai ba ta fi babu sharri. Bayan la'asar aka ɗauke wuta. Bes ba ta da murya in babu wuta. Sai ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a jikin gitar, yana jin sautin ta ƙashinsa. Haka muka yi har aka kira magariba, ba mu ƙara ko ɗaya ba.

Malam ya ce ko za a roƙi a ɗaga gwajin. Saje ya ce, “In ce musu me?”

Daren ban iya cin abinci ba. Na yi ta addu'a Allah ya sa huɗun su ishe shi.

Ba su ishe shi ba. Hajara ta zo ranar Litinin ta gaya mini. Waƙar farko ya yi ta lafiya, har ana gyaɗa kai. Ta biyu sai da hannu ya yi tsalle zuwa sama, ya sauka a inda ba nan ba, sau biyu. Shugaban makaɗan ya miƙa masa takardar waƙa ya ce ya duba. Saje bai miƙa hannu ba, don bai san an miƙo ba. Nan kowa ya gane. Suka yi masa godiya cikin ladabi, suka ɗauki wani.

Na zaci ba zan sake jin muryarsa ba. Juma'a ta zagayo sai ga sallama. Ya ce a kira Malama, saura bakwai.

Na ce, “Saje, ko wani gwajin aka samu?”

“Babu. Wa zai ɗauki makaho yanzu? Ai labari ya zaga.” Ya shafa gitar. “Shekara ashirin tana ta gwamnati, na san ta kamar tafin hannuna. Ranar da ta zama tawa kuma sai na kasa gane ta. Ba na so mu rabu a haka.”

Juma'a bakwai suka yi suna zuwa, kowace Juma'a tsaga ɗaya. Yakan yi mako yana gwada wurin a gida kafin ya yarda in sa wuƙa. Shi yake faɗin siffar, ni nake yankawa, Malam yana riƙe da wuyan. In na yi jinkiri sai ya ce, “Yanka, Malama, ai ba kaciya ba ce.” Ni da Hajara muka saba, har takan zo mini da daddawar garinsu.

Ranar ta ƙarshe ya bi su da yatsa daga ƙasa har sama, yana ƙirgawa a hankali. Sannan ya kaɗa wani abu a sanyaye, hannunsa yana hawa yana sauka bai kuskure ba. Ban san kiɗa ba, ban kuma taɓa zama don in saurara ba, amma ranar ban tashi ba sai da ya gama. Ya ce, “To, yanzu ta zama tawa.”

Kafin damina ta ƙare suka koma ƙauyensu a ƙasar Bauchi, zaman birni ya gagare su. Ƙauyen babu wuta. Daga baya Hajara ta ce mini da haɓa yake kaɗa ta kullum da yamma, shi kaɗai yake jin abinsa. Bayan shekara biyu ta yi sallama a zaure ita kaɗai, da tabarma a naɗe. Ya rasu. Ya bar wasiyya a kawo wa wadda ta tsaga.

Ya yafe mini, na sani, ya faɗa a gaban shaidu. Amma har yau in na tuna, nakan ce da na bar abin da aka ce in bari, wataƙila da bai ƙare rayuwarsa a garin da gitarsa ba ta da murya ba. Allah ne masani. Allah ya jiƙan Saje Tanko, ya haskaka kabarinsa.

Tun daga lokacin muka sa doka, ita ce oganku yake tilasta muku kuna ƙunƙuni. Kafin mai kaya ya tafi, a bi kowane tabo da yatsa a gabansa, a tambaye shi, wannan fa, a cire ko a bari? In ya ce a bari, a bari, ko bai faɗi dalili ba. Mutanen da ke kawo mana kaya ba komai suke iya faɗa ba. Ni da kyakkyawar niyya na yi ɓarnata, kuma da aikin da ya fi kowane kyau.

Wanda yake son taɓa jar gitar nan, ya sauko da ita, ban hana ba. Ya rufe idonsa, ya bi bayan wuyan da babban yatsa, ya ƙirga har goma sha ɗaya. Sannan ya mayar da ita inda ya ɗauko.