Fuskar Dogo a Cikin Rahotannin Gyara

Mai Makulli ake ce mata a ofishinmu, ko da yake an daɗe da daina kulle komai da makulli. Sunan ya bi ta ne tun zamanin da takardun kamfani suke jibge a wani ɗaki mara taga a ƙarshen baranda, ita kuma tana yawo da makullansa ɗaure a hannun jakarta. Kamfanin gyaran lif ne, irin na hawa benaye. Duk ma'aikacin da ya je ya duba lif sai ya dawo da rahoto rubuce da hannu, wani da tabon man inji, wani da rubutu kamar kaza ta yi tono. Ita ke karɓa, ta jera, ta adana. Teburina yana manne da nata, kuma ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni nesa ba kusa ba.

Mace ce mara yawan magana, mai jan ƙafa idan tana tafiya. Da safe za ta ajiye jaka, ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ta goge tabaranta da bakin gyale, sannan ta saki wata doguwar ajiyar zuciya kamar wadda ta riga ta gama aikin ranar. Ina tsokanarta in ce, "Yaya, ko kunna kwamfutar ba ki yi ba fa." Sai ta ce, "Gajiyar jiya ce ta biyo ni, ƙanwata. Ta yau tana hanya."

Mijinta, wanda kowa yake kira Dogo, yana cikin masu gyaran lif ɗin. Ya rasu kafin in fara aiki, saboda haka ban taɓa ganinsa ba. Hotunansa kaɗan ne dama, mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara. Wata damina rufin ɗakinta ya yi yoyo daidai kan akwatin da hotunan suke, ba ta farga ba sai da suka manne da juna suka fara ruɓewa. 'Yan waɗanda ta iya ɓanɓarowa ta kawo su ofis a cikin jaka. A lokacin an sa ta aikin bi da tsofaffin rahotanni ta sikana, injin ɗaukar hoton takarda, ɗaya bayan ɗaya don su shiga kwamfuta, sai ta cusa hotunan a tsakaninsu. Na takardar ba su ƙara daɗewa ba, fuskokin suka sale suka bar farin tabo.

To, Manajanmu mutum ne mai sa ido a kan kayan ofis fiye da yadda yake sa ido a kan lafiyarsa. Ya taɓa tsayar da masinja a gaban jama'a ya wanke shi tas saboda ya yi wa ɗansa hoton takardar makaranta da injin kamfani. Yaya ba ta iya ɗaukar irin wannan kunyar. Don haka ta sa wa kowane hoto suna irin na aiki: "Rahoton gyara", da wata lamba da ta faɗo mata a ka. Ta tara su a wata 'yar folda can ƙuryar kwamfutarta. Idan an fita cin abincin rana sai ta buɗe, ta zauna tana kallo, abincinta yana hucewa. 'Yarta ta sha ce mata ta kwaso su zuwa waya. Kullum amsar ita ce gobe.

Sai aka kawo sabon tsari. Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, ya tara mu ya yi bayani da murna a fuskarsa. Ya ce daga yanzu babu takardar aiki da za ta kwana a kwamfutar mutum ɗaya. Duk za su koma rumbun ajiyar kamfani da ke intanet, amma kada mu damu, a tagar nan ta kwamfuta da muka saba buɗe foldoji za mu riƙa ganinsu, kamar suna gabanmu. A saman tagar akwai gurbin nema: ka rubuta sunan gini ko na ma'aikaci, takardun su zubo. Gaskiya abin ya yi kyau, ni ma na tafa. A ƙarshen mako ya bi kwamfutoci ya kwashe duk abin da yake da suna irin na aiki.

Ranar Litinin na ga Yaya ta zare takalmi, ta goge tabarau, ta kama maus, sannan hannunta ya tsaya cak. 'Yar foldar ba ta nan. A madadinta ga wata babbar folda mai suna Rahotanni, a ciki fayil dubbai sun jeru, kowanne "Rahoton gyara" da lamba, kowanne da 'yar alamar gajimare a gefensa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ni dai na lura ta daina fita da rana, kuma na riƙa jin ƙarar maus ba tsayawa, ƙas, ƙas, ƙas, har ta fara shiga min kai. Wata rana na kasa daurewa.

"Yaya, wai me kike nema haka? Kin hana ni sakat."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Mijina nake nema."

Na zaci wasa take. Da ta gama ba ni labari, haushi ya kama ni, na rasa wa zan ɗora wa. Na ce mu je wajen Injiniya yanzu. Ta ce a'a, ta ce zai kai wa Manaja. Sai da na yi kwana da kwanaki ina mita kafin ta yarda.

Injiniya bai kai wa kowa ba, Allah ya saka masa. Ya jawo kujera ya zauna a gefenta, ya ce, "Hajiya, ai da kin faɗa min tun farko." Ya gwada duk dabarar da ya sani. Abin da aka kwashe daga kwamfutarta an riga an share shi a can. Ya ce a jera fayilolin bisa kwanan wata, sai ga shi duk ranar kwashewa suka ɗauka. Ya ce a jera bisa girma, amma tsofaffin rahotannin ma hoto ne na takarda, ta injin nan ɗaya suka bi, girmansu duk kusan ɗaya. Ya tambaye ta ko tana tuna lambobin. Ta girgiza kai.

"Gurbin nan kalma yake nema," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Hoto kuwa ba shi da kalma sai sunan da aka ba shi. Kin ɓoye su da kyau, Hajiya. Kin ɓoye su har daga kanki."

Ba abin da ya rage sai buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma alamar gajimaren nan ma'anarta takardar ba ta cikin kwamfutarka, sai ka danna sannan ta sauko daga rumbu. Ka danna, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ka jira, sai ga rubutun wani makanike a kan igiyar lif da ta saki. Ka rufe, ka danna na gaba. Ranar da intanet ke jan jiki kuwa, ka iya shan shayi ka wanke kofi kafin ɗaya ta buɗe.

Abin da ya fi ci min rai shi ne in ga ta rubuta sunansa a gurbin. Ta san ba zai fito da hoto ba, amma idan ta gaji sai ta rubuta. Nan take rahotannin da ya yi aiki a kansu su cika tagar, don an haɗa kowanne da sunan mai gyaransa. Ga rubutunsa mai karkata, ga sa hannunsa, wani wurin har da shatin yatsansa na baƙin mai. Komai nasa yana nan ban da fuska.

Wata rana da yamma muna haɗa jaka ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Kin san abin da nake tsoro? Ya fara ɓace min. Ina tuna tsayinsa, ina tuna tarinsa idan ya shigo gida. Amma in na rufe ido in ga fuskar, sai ta ƙi tsayawa." Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar mitar da nake yi a kan ƙarar maus.

Daga nan muka raba aikin, ita daga sama, ni daga ƙasa, duk lokacin da Manaja ya juya baya. Sau ɗaya ta yi ƙara, "Ga ɗaya!" Muka leƙa, ashe hotonta ne ita kaɗai tana budurwa, tsaye jikin wata mota. Ta dube shi ta taɓe baki. "Wannan kuma wa ya neme ta?"

Ritayarta ta zo ba mu kai ko rabi ba. Aka yi ɗan taro, aka ba ta agogon bango, Manaja ya yaba da amanarta, ya ce ba ta taɓa taɓa kayan ofis don kanta ba. Na kalli Injiniya, ya kalli silin. Washegari aka rufe mata hanyar shiga rumbun, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya bar aiki.

Na ci gaba ni kaɗai, amma ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya yi sanyi. Aiki ya ninku a kaina, idona ya fara ciwo, wani makon ko ɗaya ba na buɗewa. Idan na kira ta ba ta tambaya, sai dai ta ce, "Ya ofis?" ni kuwa na san abin da take jiran ji.

Ba ma nemansa nake ba ranar da ya fito. Wani mai otal ne ya matsa yana son tarihin gyaran lif ɗinsa, ina ta buɗe tsofaffin rahotanni ina tsaki. Na danna ɗaya, zoben ya juya, sai ga wani dogon mutum cikin kayan aiki, ya ɗan sunkuya don kansa ya shiga hoton, yana dariya. Gefe ɗaya duk tabon ruwa ne, amma fuskar lafiya lau. Injiniya ya buga min shi a takarda mai kauri.

Na same ta a tsakar gida tana shanya. Ta goge hannu a zani, ta goge tabarau, ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, har na fara tsoron ko ba shi ba ne.

"Wushirya," ta ce a hankali. "Kin gani? Yana da wushirya. Wallahi na manta."

Ta zauna a bakin dakali, hoton a cinyarta, ta yi kuka ba sauti, ni ma na taya ta. Da ta natsu ta tambaye ni, "Na cikin kwamfutar fa, yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Har yanzu rahoton gyara ne."

"Gobe in kin je, ki sa masa sunansa. In Manaja ya gani, ki ce ni ce."

Da safe ko jaka ban ajiye ba na canza sunan. Sannan na rubuta Dogo a gurbin nema. Rahotanninsa suka zubo kamar kullum, shi kuma yana tsakiyarsu.