Lambar Injin Jar Motar Malam

Maigidana Malam direba ne tun yana saurayi. Ya yi wa wani Bature mai sayen auduga aiki a ƙasar Makarfi, da Baturen zai koma garinsu sai ya bar masa motarsa. Ja ce, mai kujera biyu, gajeruwa, sai mutum ya sunkuya sosai kafin ya shiga. Da ita na same shi lokacin da aka kawo ni gidan.

A tsakar gida take kwana, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da rumbun masara. Ba a yi ta don hanyoyinmu ba, domin in damina ta zauna ko Gazara ba ta iya zuwa, cikinta sai ya riƙa gugar ƙasa. Amma ran Juma'a Malam yakan wanke ta, ya hau kwalta ya je Kudan ya gaida ƙanwarsa. Duk wanda ya tsaya kallo, maganarsa ɗaya ce: "Yadda aka ƙera ta haka take. Ban da taya da batir, ko noti ba a sauya mata ba."

Babban ɗanmu ne ya ɗauki hotonta ya sa a waya. Ba a jima ba wani mutum mai sha'awar tsofaffin motoci ya nemi izini ya zo daga Kaduna. Ba zan yi masa ƙarya ba, mai ladabi ne. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya gaishe ni, ya sha furar da na dama. Ya ce ba saye ya kawo shi ba, irinta ce ta yi wuya a ƙasar nan, yana so ya gani da idonsa.

Malam da kansa ya ɗaga murfin inji. Ina bakin madafi ina tsince shinkafa, ina jin su. Baƙon ya nuna wani ɗan faifan ƙarfe da ke manne a jikin motar, ya ce a nan kamfani yake rubuta lambar injin da ya sa mata. Sai ya nemi kananzir da tsumma, ya kwanta a kan tabarma, ya yi ta goge wani wuri a gefen injin har baƙin mai ya fita. Ya haska tocilar wayarsa, ya karanto lambar, ɗanmu yana duba ta faifan.

"Daidai suke, Baba," in ji ɗanmu.

Malam ya yi murmushi ya gyara hularsa. Amma baƙon bai tashi ba. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

Sai ya ɗago ya ce wa Malam, "Baba, an taɓa sauke injin nan?"

"Ba a taɓa ba."

"A gafarce ni, Baba. Lambar ta yi daidai, amma ba kamfani ne ya buga ta ba. Taɓa nan ka ji. An goge wurin da magagari har ya yi kwari, sannan aka sake bugawa da hannu. Dubi yadda wasu lambobin suka karkace. Kuma wannan injin na wata mota ne, ba na irinta ba."

Malam ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya sa yatsa. Baƙon ya ga yadda fuskarsa ta sauya, ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa mai yiwuwa tun kafin Baturen ya ba shi ita aka yi aikin, kuma yanzu ba mai iya sanin lokacin. Ya yi sallama jikinsa a sanyaye.

Bayan la'asar Malam ya kira ni. Ya ce, "Sau ɗaya motar nan ta taɓa barin hannuna. Shekarar da na je aikin Hajji."

Na san inda ya dosa. A wannan shekarar ya bar ta a garejin amininsa, wani bakanike a Ikara. Tare suka yi karatun allo, shi ne kuma ya karɓa masa aurena. Lokacin da muke wannan magana aminin nasa ya riga ya rasu, Malam kuwa shi yake kai wa iyalinsa hatsi duk kaka.

Na ce, "Haba Malam, ba ka ji abin da baƙon ya ce ba? Wataƙila Baturen ne."

"Wataƙila," in ji shi. "To wa zan tambaya a cikinsu?"

Bai taɓa zargin amininsa a gaban kowa ba, kuma bai daina aika hatsin ba. Sai dai ya koma bai wa ɗanmu ya kai, shi bai sake taka Ikara ba. Matar marigayin takan aiko mana da mazarƙwaila da gaisuwa, ya ce a yi mata godiya, shi ke nan. Fitar Juma'a ma ta tsaya. Kaji suka riƙa hawa motar, ni ce nake korarsu. Wani lokaci nakan gan shi ya ɗaga murfin ya tsaya yana kallon wurin nan, sannan ya rufe.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, matar amininsa ta zo ta'aziyya, ta zauna tare da ni har aka yi sadakar bakwai. Ranar da za ta koma, tana ɗaura mayafi, ta ce, "Yaya, akwai abin da muka yi wa Malam ne? Yara sun yi ta tambayata me ya sa babansu na Makarfi ya daina zuwa."

Na ce mata ciwon gwiwa ne da tsufa.

"Haka na ce musu ni ma," in ji ta.

Na raka ta har bakin hanya, ta hau mashin ta tafi. Har yau ban san ko mijinta ya taɓa injin nan ba, Malam ma ya tafi bai sani ba. Da a ce ranar da baƙon ya zo ya tarar Malam yana gona, da ya fi mana alheri duka.