Ranar da Aka Hau da Dramani Sama

Duk wanda ya taɓa zama da masu dirowa daga jirgi da laima ya san ba su da hira sai ta sama. Ka ce musu ina kwana, su ce maka iska ta yi kyau. Ka ce an yi maka rasuwa, su yi maka ta'aziyya da ido ɗaya, ɗayan yana kan ƙyallen da ke nuna inda iska ta dosa. Na yi shekaru ina gyara musu jirgi a wani ɗan kulob da ke cikin sahara a arewacin Doha, kuma ban taɓa ganin mutanen da suka raina ƙasar da suke takawa kamarsu ba. Ni Ɗanbaba bakanike suna ɗan raga mini, don kowa na so injin ya tashi lafiya. Wanda ba su ma san da zamansa ba shi ne Dramani.

Dramani mutumin Zangon Kumasi ne, gajere kakkaura, mai dariya da dukan jikinsa. Aikinsa tuƙa a-kori-kurar kulob. Da jirgi ya tashi sai ya jingina da ƙofar mota, ya kare ido da tafin hannu, yana ƙirga laimomi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. In iska ta kwashi wani ta yi gaba da shi, kafin ƙafar mutumin ta taɓa yashi Dramani ya riga ya kama hanya. Ba wanda ya ɗora masa ƙirgar nan, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake yi yake isowa da wuri. Makullin motar a ɗaure yake da igiya a ƙugunsa, ko masallaci da shi yake shiga.

Mutanen nan suna da al'adunsu, kuma suna riƙe da su fiye da yadda wasu ke riƙe da salla. Wanda ya sauka a wajen fili, a bayan mota zai dawo, a shigo da shi da oda, sannan ya sayi shayin karak mai madara na kowa. Wanda ya yi diron farko zai kawo tiren abinci. Da yamma kuma akan shimfiɗa darduma a gindin rumfa, amma ba mai zama a kai sai wanda ya taɓa dirowa. Sauranmu sunanmu mutanen ƙasa. Ni nakan ja kujerata gefe in yi musu kallon da ya dace da su, Dramani kuwa a tsaye yake zuba shayi.

Babban malaminsu shi ne Rashad, wanda suke kira Kyaftin, ko da yake ban san abin da ya taɓa yi wa kyaftin ba. Shi ne gwanin rigar fuka-fuki, wadda in mutum ya sa ya buɗe hannuwa sai ya zama jemage sak. Shi ne kuma ke ɗaura baƙi a ƙirjinsa ya diro da su, har ya kai fasinja a wurinsa ƙeya ce kawai, ba ya tuna fuskar kowa. Sau da yawa Dramani ya tsinto shi a bayan garken raƙuma, ya tausaya masa ya sauke shi a bayan rumfa ba tare da oda ba. Da yamma sai ka ji Kyaftin yana bayyana wa majalisa cewa da gangan ya zaɓi wurin, don nazarin iska.

Da korona ta zo aka lulluɓe jirgi, aka kulle malaman a gidan da kulob ya kama musu a Mu'aither. A nan na san tsuntsu a keji ya fi su haƙuri. Rashad yakan sa rigar fuka-fukinsa ya kwanta rub da ciki a kan tebur, a kunna masa fanka. Kafin su sauko daga bene sai sun tafa hannu kamar yadda suke yi a bakin ƙofar jirgi. Dramani ne ke tasowa daga ɗakinsu na haya a Al Asmakh, da takunkumi a fuska, ya kawo musu cefane da magani, ya ajiye a ƙofa. Da numfashi ya yi wa ɗayansu wuya, shi ya kai shi asibiti. Da aka buɗe gari, labarin da suka riƙa bayarwa shi ne yadda suka jure rashin sama.

Ana cikin haka aka kawo sabon manaja, mai ofis a Al Gharrafa, wanda yashi bai taɓa shiga takalminsa ba. Gasar Kofin Duniya ta matso, gari ya cika da tutoci, shi kuma ya zo da dabara: za a yi bidiyon talla, kowane ma'aikaci ya diro da tutar ƙasarsu, a nuna wa duniya cewa a kulob ɗin nan kowa yana tashi. Wanda ya ƙi, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Ni aka tsame ni saboda injin. Da na yi masa maganar Dramani sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mota ai kowa ya iya tuƙawa."

To Dramani mutum ne da ko tsani ba ya hawa. A ɗakinsu ma sai da ya yi wata guda yana roƙo kafin aka bar masa gadon ƙasa, don gadajensu masu hawa biyu ne. Ga shi yana da mata, Wasilatu, da 'ya'ya mata uku a makaranta, da gini a Kumasi da ya tsaya a kan taga yana jiran kwano. In aikin nan ya tafi, zamansa a Qatar ya tafi. Ya rame a 'yan kwanakin nan har igiyar makulli ta yi masa yawa.

Ni kuma ban taimaka ba, don ina da haushin Ghana, su suka hana Najeriya zuwa gasar. Na ce masa tunda sun fitar da mu, sai ya je ya wakilce mu gaba ɗaya a sama. Ya dube ni ya ce, "Massa, Black Stars ma a ƙasa suke buga ƙwallonsu." Da ya kira Wasilatu ya gaya mata, ta yi kuka, ta yi addu'a, sannan ta kwantar masa da hankali da cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya ce da ita abin da yake tsoro ke nan.

Ranar ta zo da la'asar sakaliya. Aka cusa kowa a jirgi, har da mai shara da mai karɓar baƙi, kowa ɗaure a ƙirjin malaminsa. Dramani aka ba Rashad, an sa masa hular kwano da tabarau, an ɗaura masa tutar Ghana, leɓunansa sai motsi suke. Ni ina gaba kusa da matuƙi ina sauraren wata ƙara da ban yarda da ita ba, kuma daga nan wani fili za mu wuce shan mai. Na waiwaya na ga an ce yalla, wato mu je, an tura shi bakin ƙofa, sai kawai babu shi.

Sauran labarin daga bakinsu na ji. Rashad, don kyamara ta daɗe a kansa, ya buɗe laima tun suna can ƙololuwa, iska kuwa ta ce ga abin nema ya samu. Sauran suka sauka a fili lafiya, suka rungumi juna, suka ruga ɗakin sanyi kallon bidiyo. Ba wanda ya ƙirga laima, domin ba wanda ya san ana ƙirgawa.

Su biyun suka sauka can nesa, a gefen wani garken raƙuma. Suna zaune daɓas a yashi, ko ƙugiyoyin ba a kwance ba, Rashad ya kare ido da hannu ya dubi inda ƙura ta saba tasowa. Ya jira, bai ga komai ba. Ya yi tsaki ya ce, "Ina Dramanin nan ya tsaya ne? Aiki ɗaya aka ba mutum."

"Kyaftin," in ji Dramani, "ga ni nan a gabanka. Kai ka ɗaure ni."

Ya laluba ƙugunsa ya ɗago makullin ya nuna masa ta saman kafaɗa. Waya kuwa dokar Rashad ce ta hana hawa da ita.

A kulob ba a farga ba sai da aka shimfiɗa darduma aka zauna, aka ga ba wanda ya zuba shayi. Daga neman mai shayi ne aka gano Kyaftin ma ba ya nan. Aka ruga wurin a-kori-kura, aka same ta a kulle. Manaja, wanda ya zo kallon bidiyonsa, ya ce khalas, shi ke nan, a shiga motarsa. Ba su wuce tudun farko ba ta nutse har ciki, kuma a ranar yashi ya san takalminsa. Wani makiyayi ɗan Sudan ne ya kawo Rashad da Dramani bayan magariba a bayan motar ciyawa, Rashad na zaune a kan dami yana kallon wani gefe. Da suka iso ƙofa, Dramani ya ƙwanƙwasa rufin motar ya roƙi makiyayin ya danna oda, don al'ada al'ada ce.

Washegari manaja ya sabunta masa kwantiragi, ya kuma kafa sabuwar doka da bakinsa: daga yau direba ba ya shiga jirgi, ko da wasa. Dramani ya kawo tiren shinkafa da wake irin na Zango, da shito, yajinsu mai sa hawaye. Suka matsa masa a darduma ya zauna, sai dai bai yi minti nawa ba wani ya miƙo masa kofi, ya tashi ya zuba.

Na yi zaton zan gan shi yana murna, tunda aiki ya tsira. Da yake mayar da ni gari ranar, muna tafe cikin motoci masu tutoci da masu busa, na ga ba fara'a a fuskarsa, sai na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Massa, ashe can shiru ne. Da laimar ya buɗe, tsoro ya tafi kraa, gaba ɗaya. Na ga duk hanyoyin da nake bi, na ga teku, na ga motata ƙarama tana jira. Ban so mu sauko ba."

Daga baya ya samu Rashad a keɓe ya roƙe shi ko sau ɗaya a sake hawa da shi, ko ranar hutunsa. Rashad ya dafa kafaɗarsa, karo na farko da na ga ya dubi fuskarsa sosai, ya ce, "Dramani, in ka hau, wa zai ɗauko mu?"

An yi gasa an watse, an yi wa ginin Kumasi kwano. Dramani yana nan jingine da ƙofar motarsa yana ƙirga. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, yanzu ko bayan laima ta ƙarshe ta sauka, kowa ya shige ɗakin sanyi, yakan daɗe bai sauke hannunsa daga goshi ba.