Ranar da Aka Rera Sunan Ɗan Farina

Na taɓa hana wata baiwar Allah gode wa Ubangijinta, kuma har yau da furfura ta cika min kai abin bai sake ni ba. A Badarawa ne, tun Turawa na nan, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Maigidana tela ne a kasuwa. Muna zaune a gidan haya ni da shi da surukata, zana kaɗai ta raba mu da maƙwabta, rijiyarmu ma ɗaya ce. Maƙwabciyata Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta kuku a gidan wani Bature. Ta girme ni nesa, don haka Yaya nake ce mata, ita kuwa Amarya take kirana ko bayan na haihu. Tana da 'ya sa'ar ɗana, dukansu ba su cika shekara uku ba.

Matar nan ba ta iya aiki bakinta a rufe ba. Daka da waƙa, wanki da waƙa, ga Hausarta a karkace, ni kuma ga tsokana. Wata rana a bakin rijiya na ce mata wai ita ba ta gajiya ne. Sai ta ɗauko min wani baƙin littafi da ya sha hannu, ta ce waƙoƙin Bani Isra'ila ne na zamanin da, da Ibrananci aka fara yin su kafin a mayar da su Hausa. Ta ce a cikinsu za ka ji mutum ya shiga uku, ruwa ya kai masa wuya ko ya faɗa rami, ya kai kukansa ga Allah, a ciro shi. To in an ciro shi ba ya yin shiru, sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da aka yi masa dalla-dalla. Na ce mata mu kam ba haka muke ba. In Allah ya yi maka alheri ka yi hamdala, ka soya waina ka raba sadaka, ka ja bakinka ka yi shiru, domin bakin mutane ba shi da kyau. Ta yi dariya ta ci gaba da jan ruwanta.

Da bazarar shekarar ƙyanda ta shigo unguwa, gida gida. Rana ɗaya ta kwantar da ɗana da 'yarta. Yaya ta goya tata ta taka har asibiti, ta dawo ta roƙe ni in bi ta da nawa. Surukata ta ce sam, ba a fita da mai ƙyanda, ba a yi masa wanka, allura kuwa mayar da cutar ciki take yi. Ni ma a lokacin haka na yarda, ba zan ɗora wa tsohuwa ita kaɗai ba. Muka rufe shi a ɗaki, ana ɗura masa jiƙo.

Ga wani abu kuma. Ɗan fari ne, kuma ni 'yar gidan kunya ce. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa ba, "wannan yaron" nake cewa. A gaban surukata ko kallon kirki ba na yi masa. Ko da yake kwance jikinsa kamar garwashi, sai ta fita alwala nake lallaɓawa in rungume shi.

A kwana na shida ƙurajen suka feso masa sosai, zazzaɓi ya sauka, ya buɗe ido ya nemi koko. 'Yar Yaya ma ta tashi zaune. Da hantsi ina wanke-wanke sai na ji muryarta ta bayan zana, da ƙarfi fiye da kullum. Ashe ta yi alkawari tsakaninta da Allah, in yaran suka tashi za ta rera waƙar godiya kowa ya ji. Ta rera ta, ta sa sunan 'yarta a ciki, sannan ta sa sunan ɗana, ɓaro-ɓaro, har sau uku. Wallahi daɗi na ji a lokacin, har hawaye ya zubo min cikin ruwan wanke-wanke. Surukata kuwa ta saki carbi ta dafe ƙirji, ta ce shi ke nan, matar nan ta yi wa yaro baki.

Kwana biyu muka samu. Ya ci, ya yi wasa da murfin kwano, ya ja min ɗankwali. A na uku tari ya kama shi, numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ai ɗan fari ne. Kukan da na haɗiye shi ya zame min fushi, kuma ban sha wahalar neman inda zan sauke shi ba.

Washegari Yaya ta shigo ta'aziyya da ƙwaryar kunu, idonta a kumbure. Tsakar gida cike da mata. Na tashi na tare ta tun kafin ta durƙusa.

"Ga abin da waƙarki ta ja mana," na ce. "Kada in ƙara jin ta a gidan nan."

Ta ajiye ƙwaryar ta juya.

Daga ranar ban ƙara jin waƙa ta bayan zana ba. 'Yarta ta warke garau, tana gudu tana faɗuwa, amma uwar daka take yi shiru, wanki shiru. In na ji motsin gugarta sai in jira ta gama kafin in fita. Na san na yi ba daidai ba tun kafin arba'in, girman kai ne kawai ya riƙe min ƙafa. Kullum sai in ce gobe zan leƙa.

Da kaka aka yi wa Baturen canji zuwa Jos, ya tafi da kukunsa. Ranar da motar kaya ta zo ina cikin ɗaki, na ji Yaya ta matso jikin zana.

"Amarya, na san kina ji na. Ban yi don in cuce ki ba. Ya tashi ya sha koko, ya yi miki dariya kwana biyu. Wannan na gode wa, kuma ban janye ba."

Na kama ƙyauren ɗaki, amma ban buɗe ba. Ina nan tsaye har ƙarar motar ta ɓace wajen titi.

Shekaru bayan haka wata ungozoma a asibiti ta gaya min ƙyanda takan sauka a ƙirji bayan an ga kamar an warke, kuma da an kai shi da wuri wataƙila da an dace. Kwanansa ne ya ƙare, na sani. Amma ba waƙa ce ta kashe shi ba.

Na haifi bakwai bayansa, na kira kowannensu da sunansa, ko a gaban wa. Shi kaɗai ne bai taɓa jin nasa a bakina ba. In na tuna shi yanzu, da muryar Yaya sunan yake zuwar min, da karkatacciyar Hausarta, sau uku. Na sa an nemo min ita a Jos har sau biyu, ba a samu wanda ya san ta ba.