Cosmo, Wa Zai Raɗa Mini Ranar Asabar?

Ranar Talata, sha ɗaya ga Oktoba, 1994, Rosaria ta bugo mini waya ta ce mahaifinta, Cosmo Delvecchio, ya cika a wani asibiti a unguwar Queens. Zuciya ce ta tsaya. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, Cosmo, kuma kai ne kawai za ka gane dalili.

Jaridu sun ce yaron nan mai magana ta gefen baki a finafinan 'yan daba ya tafi. Ba su san asalin bakin ba. Ni Dennis Corrigan na sani, domin saboda ni ka karkace shi.

Muna yara masu shirya fim suka kwashe mu daga bakin kogi, inda muke ninkaya cikin ƙazanta, suka ce mu yi gaban kyamara abin da muke yi a titi. Kai haddar magana ba ta yi maka wuya. Ni kuwa da zarar an kunna fitilun nan sai kaina ya zama fanko. Daraktan ba ya wasa, duk yaron da ya ɓata masa fim gida zai koma, kuma a gidanmu ni ne mai kawo abinci. Ranar da na fara daskarewa, sai ka ja hularka ƙasa, ka karkace baki ta wajena, ka raɗa mini abin da zan faɗa. Daraktan bai ji raɗar ba, bakin ya gani. Ya yi tsalle ya ce, "Yauwa! Haka ɗan iska yake magana. Kada ka kuskura ka miƙe bakin nan!" Ba ka sake miƙe shi ba. Yara a faɗin ƙasar nan suka yi ta kwaikwayonka, iyayensu mata suna make musu ƙeya.

Da muryoyinmu suka buɗe aka sallame mu, ko sannu babu. Ka koma tuƙa tasi ba tare da ƙorafi ba, ka auri Filomena, kana kiwon tantabaru a saman bene. Mutumin da ake tsoratar da yara da shi, ɓera ya taɓa kore shi daga ɗaki, ni shaida ne. Da matata Noreen ta rasu, kowace Lahadi sai ga ka da tukunyar taliya, kana cewa, "Ci, ɗan Ailan. Ku ba ku san komai ba sai dankali, ran da ya ƙare a duniya yunwa ce ajalinka."

Sannan mantuwa ta kama ni. Likita ya ce ba ta da magani, gaba za ta yi ta yi. Ban gaya wa kowa ba, kai ma ban gaya maka ba, amma ka gane. Ka koma tsayuwa ta hagu da ni kamar dā. A taron masoya tsofaffin finafinai, in aka tambaye ni wani abu na yi shiru, sai in ji amsar tana fitowa ta gefen bakinka, mutane suna ta tafi, sun ɗauka wasan dā muke tuna musu. A wani biki wata mata ta nufo ni da murna, na kasa tuna ko wace ce. Ka ce, "Bernadette ce, ƙanwarka, sakarai. Yi murmushi."

Yanzu Rosaria ta roƙe ni in yi magana a kanka a coci ranar Asabar, tunda cikin yaran nan ni kaɗai na rage. Na amsa, amma tsoro nake ji. Na rubuta a takarda, sai dai takarda ba ta san lokacin da zan tsaya ba. Kai kana sani tun daga yadda nake haɗiyar yawu. Ina tsoron in tsaya gaban akwatin gawarka, in buɗe baki, sunanka ya ƙi zuwa.

Yau da safe sunan cocin ya ɓace mini. Na ɗauki waya na buga lambar da hannuna ya saba. Filomena ta ɗauka.

Na ce, "Ba ni mutumin nan, tambaya ɗaya ce."

Ta ce, "Dennis, ɗan'uwana, faɗa mini tambayar. Ni zan amsa."

Allah Ya jiƙanka, Cosmo, Ya yafe maka kurakuranka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini tun muna yara. Filomena, Rosaria, jikoki da sauran dangi, ina yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. In kun ga na tsaya ranar Asabar ina waige, ku yi mini uzuri. Ni kuma roƙona ga Ubangiji kaɗan ne: duk abin da zai ɗauke daga kaina Ya ɗauka, amma Ya bar mini sunan abokina har in sauko daga mumbarin nan.